Hayaniyar da Ke Cikin Kaset ɗin Baba

Ranar da Auta ta fara shiga shagon mai gyaran, da hanci a sama ta shiga, rungume da wani kwali da ya gama ɓata mata gaban riga da ƙura. Shagon ma bai taimaki kansa ba. Talabijin ne a kan talabijin har rufi, wasu an farke musu baya wayoyi sun zubo, ga ƙaurin dalma ya cika ko'ina. Can ƙurya wani saurayi ya sunkuya a kan tebur da ɗan gilashi a ido ɗaya, ko ɗago kai bai yi ba.

Ta dire kwalin da ƙarfi don ya san mutum ya shigo.

"Kai ne mai gyaran, ko maigidanka ya fita?"

Ya cire gilashin a hankali, ya dube ta, ya dubi kwalin. Ya ce shi ne maigidan, shi ne ma'aikacin, shi ne kuma mai shara, duk wanda take nema a ciki ta same shi. Ba ta yi murmushi ba. Auta ba ta raba murmushi kyauta, ko a kantin maganin da take aiki an san da haka.

A cikin kwalin akwai wata tsohuwar bidiyo mai cin kaset da ta daina aiki, wadda ta girme ta nesa ba kusa ba, da kaset goma sha ɗaya, kowanne da rubutun Baba a jikinsa. Shago huɗu ta kai kayan nan, duka huɗun dariya suka yi mata. Shi wannan bai yi dariya ba. Ya ɗauki kaset ɗaya da hannu biyu, ya ɗaga murfinsa, ya shinshina, sannan ya tambaye ta me ke ciki.

"Tsofaffin wasanni ne kawai," in ji ta, tana duba farcenta. "Shirmen mutanen da. Hoton kamar ana ruwan sama, sautin kuma kamar kasuwa."

Da ta ƙara jimla ɗaya tak a kan wannan, da ta hutar da mutane da yawa. Amma girman kai rawanin tsiya ne, kuma Auta ta iya naɗa shi.

Ga abin da ba ta faɗa ba. Shekarun baya, lokacin Baba yana aiki a gidan waya, ana nuna wani wasan barkwanci a talabijin, na wani direba da ke zaune gida ɗaya da surukinsa, kullum suna rikici. Baba ya so ya adana shi, amma ba shi da na'urar ɗauka. Sai ya ari kyamara wajen abokin aikinsa, ya ɗora ta a kan kujera, ya tokare ta da littattafai, ya saita ta tana kallon gilashin talabijin. Kyamara kuwa ba ta san wasa ba, ba ta san falo ba. Ta kwashe direba da surukinsa, ta kwashe ƙarar cokali a kofin shayi, da tarin Baba, da kukan jaririya, da dariyar Mama.

Mama ta rasu Auta tana shekara uku. Tun daga nan, duk Lahadi ƙarfe huɗu na yamma, gidan ke taruwa a falo. Baba a kujerarsa mai hannu, Gwaggo, yayar Baba da ta raine su, a gefen taga da tsinken saƙarta, Yaya, wan Auta, kuma a ƙasa ya jingina da bango, ko daga ina yake sai ya zo. A kowane wasa akwai inda hular surukin ke faɗuwa, kuma kafin ta faɗi sai an ji Mama a cikin kaset ɗin ta ce, "Ku duba, ku duba, yanzu hular za ta faɗi." Sai ta faɗi, sai Mama ta fashe da dariya, sai falon duka ya bi ta. Shekara ashirin da ɗoriya hular nan tana faɗuwa, ba su gaji ba.

Auta ita ce mai zama bakin ƙofa, waya a hannu, baki a taɓe. Tana cewa ba ta ga abin dariya a ƙattin maza biyu suna faɗa a kan hula ba. A wajen aiki in an tambaye ta ina take shiga ranar Lahadi, sai ta ce taron dangi, don kunyar faɗin gaskiya take ji. Sai dai ba a taɓa yin Lahadin da ta fita ba, kuma wayar nan da take riƙewa, in ka leƙa, sau da yawa a kashe take.

Mai gyaran ya gaya mata gaskiya. Bidiyon zai iya lallaɓa ta ta tashi, amma kaset ɗin funfuna ta ci su, zaren ya fara zuba. Sau ɗaya kacal ya rage musu su bi ta cikin na'ura, daga nan sun gama aiki. Shawararsa ita ce a wannan karo ɗayan ya kwashe komai ya mayar a kan filash. Baba ya yi kwana uku yana mita a kan yaran zamani da ƙarairayinsu, a na huɗu ya ce a yi.

Aikin sati uku ne, kuma babu wanda ya ce sai Auta ta je dubawa. Amma kullum in ta tashi daga kanti sai ƙafarta ta bi ta layin, wai don kada a yi mata ha'inci. Takan tsaya bakin ƙofa ta kushe shagon tun daga rufi har ƙasa, ta kushe kujerar baƙi mai ƙafa uku da rabi, ta kushe fankar da ta fi iska ƙara. Ta sa masa suna Injiniyan Bola. Shi kuma ya ƙirga tsakinta a ziyara ɗaya ya samu tara, ya sa mata Mai Tsaki.

Wata rana wani dattijo ya kawo talabijin wai ta daina magana. Injiniya ya buɗe bayanta da dukkan natsuwa, ya zaro cokali biyu da rabin biskit da jikan dattijon ya cusa ta raga. Ya riƙe cokulan yana tambayar dattijon ko a mayar masa da su ciki. Dariya ta ƙwace wa Auta ba shiri, irin mai farawa a hankali ta hau sama ta ƙare da shiɗewa. Da ta gama ta ga ya zuba mata ido, abin dalma yana hayaƙi a hannunsa ya manta da shi.

"Lafiya?" ta ce, tana maida fuska.

"Lafiya lau. Ashe kina da haƙora."

A yammacin nan saƙonsa na farko da ba na aiki ba ya shigo.

"Mai Tsaki, yau na ga abin da ya fi duk hoton da na taɓa gyarawa kyau. Ki daure ki riƙa kunna shi ko sau ɗaya a sati."

Ta karanta sau huɗu kafin ta amsa.

"Injiniyan Bola, ka gyara fankarka tukuna kafin ka fara gyara mutane."

"Na gyara ta tun jiya, ke ce ba ki lura ba. Idonki yana wani wurin."

"Allah ya sawwaƙe."

"Amin, Mai Tsakina. Gobe ƙarfe nawa?"

Ta rubuta masa cewa ba ta zuwa. Washegari ƙarfe biyar da kwata tana zaune a kujera mai ƙafa uku da rabi.

A gida kuwa wani ya riga shi shimfiɗa tabarma. Ɗan abokin Baba ne, manaja a wani kamfani, kuma in ka manta da hakan zai tuna maka kafin ka gama amsa gaisuwarsa. Waya biyu yake riƙewa, da makullin mota da yake kaɗawa ko ban-ɗaki zai shiga. Turarensa yana riga shi shigowa, ya kuma daɗe bai bi shi ba. Da ya ji bidiyon gidan ta tafi gyara, sai ga shi da talabijin mai faɗin ƙofa, ya sa aka manna ta a bango, ya tsaya gefenta yana jiran godiya. Baba ya yaba ƙwarai. Auta ta ce da Gwaggo mutumin nan in da zai iya da kansa zai aura, don ba ta taɓa ganin wanda yake so kamar kansa ba.

Da Injiniya ya ce yana son ya zo ya gaida Baba, ta ce ya bari sai aiki ya kammala, ya shigo da shi a hannu, ita ce kaɗai ƙofar da ta sani. Ya ɗauki maganar da zafi. Bai gaya mata ba, ya bi layi-layi har ya samo wani tsoho da ya taɓa aiki a gidan talabijin, wanda yake da sautin wasan na asali, tas babu hayaniya babu ƙura. Ya zauna kwana da kwanaki yana ɗora shi a kan hoton, baki da baki, har sai da kowace kalma ta faɗa inda take. Ya rage ƙyallin gilashi, ya daidaita kala. Aiki ne na wanda yake son a ba shi 'ya.

Ranar Lahadi ya zo cikin riga mai guga, ya durƙusa ya gaida Baba. Baba ya dube shi tun daga kai har takalmi, idonsa ya tsaya a kan yatsun da dalma ta ƙona. Ya tambayi sana'ar mahaifinsa, ya tambayi inda ya tsaya a karatu, kowace amsa ya karɓe ta da "to" mai sanyi. Manaja yana gefe ya harɗe ƙafa, ya tambaya ko har yanzu akwai masu kai rediyo gyara, shi ya ɗauka jefarwa ake yi.

Aka soka filash a sabuwar talabijin.

Hoton ya fito fes, Yaya har ya ce kai. Kiɗan buɗewa ya tashi, direba ya shigo yana faɗa, kowace kalma garau. Auta daga bakin ƙofa ta ji wani abu ba daidai ba tun kafin ta gane ko mene ne. Babu cokali. Babu tari. Surukin ya sunkuya zai duba tayar mota, iska ta taso, babu wanda ya ce ku duba. Hular ta faɗi, ta gangara, falon ya yi tsit.

Injiniya ya ɗauka mamaki ne ya hana su magana.

"Duk hayaniyar nan na share ta, Baba," ya ce da fara'arsa. "Ko tari ban bari ba. Haka za ku ga duka goma sha ɗayan."

Tsinken Gwaggo ya tsaya. Baba ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa, ina kaset ɗin. Ya amsa cewa kamar yadda ya faɗa tun farko, sun bi na'ura sau ɗaya sun zube, babu abin da za a ƙara samu a jikinsu.

"Kashe," in ji Baba.

Yaya ya kashe. Baba ya miƙe, ya dafa hannun kujera, abin da ba ya yi. Bai dubi baƙon ba ya ce, "Auta, nuna wa mai gyaranki hanya. Kada ya ƙara tako min gida."

Ba ta nuna masa ba. Ta wuce ɗaki ta kulle, ta rubuta:

"Mai gyaran da bai san abin da zai bari ba, sunansa mai ɓarna. Kada ka ƙara nemana."

Kafin ta toshe lambar, nasa saƙon ya shigo.

"Mai Tsakina, ki faɗa min laifina ko da kalma ɗaya ce. In sana'ata ce, ba ni da wata. In wani abu ne a aikin, ki bar ni in gyara."

Ta ja tsaki, na goma, ta toshe. Sannan ta kife a kan gado ta yi kukan da rabonta da irinsa ta manta. Ba ta tuna fuskar Mama, hotuna biyu da ke bango ba su taɓa yi mata kama da kowa ba. Muryar nan ita ce uwar da ta sani, kuma da hannunta ta kwashe ta a kwali ta kai wa baƙo.

Lahadi ta mutu a gidan. Ƙarfe huɗu Baba yakan shige ɗaki ya juya wa ƙofa baya, Yaya ya fara samun uzuri. Manaja kaɗai bai fasa zuwa ba. Yakan mallake falon, ya riƙe rimot kamar gadonsa, ya yi ta tsalle daga tasha zuwa tasha yana bayanin ingancin hoton. Sau uku aka yi haka bai taɓa tambayar me ya sami gidan ba. A na huɗu Baba ya ce da Auta, ba tare da ya dube ta ba, ya ba Manaja izinin turo iyayensa ƙarshen wata, gara wanda bai taɓa maka komai ba da wanda ya taɓa ya lalata.

Ba ta yi musu ba. A ganinta ba ta da bakin musu.

Gwaggo ce ta same ta a kicin tana wanke kofi ɗaya tun ɗazu. Ta tsaya ta dube ta, irin kallon da take yi wa saƙa in ta gano inda zare ya kuɓuce.

"Da kika kai masa kwalin, me kika ce masa yana ciki?"

Auta ta ajiye kofin, ta faɗa.

"To ai kin ji," in ji Gwaggo. "Yaron nan abin da kika nuna masa kina ƙyama shi ya share. Kin raina abu a gaban mutum, ya taya ki rainawa, kin dawo kina jin haushinsa. Ni ban ce ki aure shi ba. Amma ko ɓarawo ana gaya masa abin da ya sata."

Washegari ta tafi shagon, ta shirya a ranta cewa bidiyon Baba ta je karɓa. Ta tsara har yadda za ta taɓe baki. Tana taku uku kafin ƙofa ta tsaya cak. Daga ciki, ta ƙarƙashin ƙarar fanka, wata mace tana dariya, tana farawa a hankali, ta hau sama, ta ƙare da shiɗewa.

Ta tura ƙofar. Yana sunkuye a kan wani aikin, ya rame, dariyar tana fita daga kwamfutar da ke gefensa. Da ya gan ta ya yi sauri zai kashe.

"Kada ka taɓa," ta ce. "Ba ka ce ka share ba?"

Ya ce a wanda ya kai musu ne ya share. Ɗaukar farko tana nan yadda ta fito daga kaset, don wanda ya koya masa aiki ya hore shi cewa ba a jefar da asali, ko da bola ce. Ya sosa ƙeya ya ƙara da cewa wannan wurin kam ko ba don horo ba da bai jefar ba.

"Tun ranar cokulan nan na ji dariyarku iri ɗaya ce. Da kika toshe ni, ita kaɗai ta rage min."

Auta ta zauna a kujerar baƙi ba tare da ta duba ƙafarta ba.

"Mahaifiyata ce. Ta rasu ina shekara uku. Ba wasan muke kallo ba, Injiniya, ita muke saurare."

Ya ajiye abin da ke hannunsa. Idonsa ya kaɗa. Can ya ce lallai Baba mutumin kirki ne, da shi ne da kujera zai bi mai gyaran. Ta ce laifinta ne, kuma kalmar ta yi mata nauyi a baki don ba ta saba ɗaukarta ba. Ya ce a raba biyu, shi ma yana da kunne, ya ji mace tana lallashin jaririya amma bai tambaya ba, ya tsaya neman a yaba masa.

Ta so ta karɓi filash ta ruga gida a take. Ya roƙe ta ta ba shi zuwa Lahadi. Akwai wani abu, in ji shi, da ya dushe a hoton don ya ɗauka ƙyallin gilashi ne, yanzu yana son ya sake dubawa.

Kafin ta kai gida ta buɗe lambarsa. Saƙo ya shigo nan take, kamar yana bakin ƙofa yana jira.

"Sannu da dawowa, Mai Tsakina. Shagon ya yi shiru da yawa, har fankar ta yi kewarki."

Ta rubuta: "Ka ci abinci. Ka zama kamar eriya."

Ranar Lahadi da Injiniya ya iso da filash ɗin, Baba ya ce ba ya shigo masa gida. Gwaggo ta ce kafin ya zama uban kowa ƙanenta ne, ita ta goya shi, ya fito ya zauna. Ya fito yana huci. Yaya ya zo don Auta ta kira shi. Manaja yana nan a inda ya saba, da kyar ya saki rimot.

Kiɗan buɗewa ya tashi, dishi-dishi kamar da. Sai ga ƙarar cokali a kofi. Sai tari. Baba ya ɗago kai. Surukin ya sunkuya wajen taya.

"Ku duba, ku duba, yanzu hular za ta faɗi."

Hular ta faɗi, dariyar ta cika falon. Gwaggo ta rufe fuska da saƙarta. Babu wanda ya iya bin dariyar a wannan karon, sai Manaja da ya gyara zama ya ce shi fa waccan mai tsabtar ta fi masa, wannan wace mata ce haka mai surutu, ta hana mutane jin wasa.

Yaya ya miƙe ba gaggawa. Ya tattara wayoyin nan biyu da makullin mota, ya damƙa masa a hannu, ya buɗe ƙofa ya riƙe. Manaja ya dubi Baba yana jiran a ce ya zauna. Baba ko kallonsa bai yi ba. Turaren ne kawai ya ƙara 'yan mintuna.

Injiniya ya nemi izini ya matsar da wasan gaba, zuwa inda aka ɗauke wuta a gidan direba, allon ya yi baƙi na kusan minti guda ana ta laluben ashana. Duk gidan sun san wurin, nan ne jaririya ke kuka. Amma yau baƙin ya washe a hankali. Gilashin tsohuwar talabijin ya zama madubi a ranar da aka ɗauka, shi kuma ya bi hasken nan ɗan kaɗan ya ɗaga shi. Ga falon, ga labulen da. Ga wani siririn mutum a bayan kyamara yana tokare littattafai. Ga mace a kan kujera, ɗankwali ya zame mata, tana jijjiga jaririya a kafaɗa.

"Yi shiru, Autata," in ji muryar da suka sani, kuma a karo na farko suka ga bakin da ke faɗa. "Yi shiru mu ji."

Matar ta sunkuya ta sumbaci kan jaririyar.

Auta ba ta san lokacin da ta bar bakin ƙofa ba, sai ganinta aka yi durƙushe a gaban allon. Baba ya taso ya tsaya a bayanta, ya miƙa hannu ya taɓa gilashin daidai ɗankwalin. Aka dawo da wuta a gidan direba, hoton ya ɓace.

"Mayar," in ji Baba.

Sau biyar aka mayar. Sannan ya goge fuska da hannun riga, ya koma kujerarsa, ya maido da tsohuwar fuskar shanunsa. Ya tambayi saurayin wa ya ce ya ajiye ɗaukar farko. Ya ba shi amsar wanda ya koya masa aiki. Baba ya ce wannan ya ji, sai kuma me. Injiniya ya sunkuyar da kai ya ce dariyar ce, Baba, akwai mai irinta a gidan nan.

Baba ya dubi 'yarsa, ya dubi yatsun nan masu ƙuna, ya daɗe.

"Ka turo manyanka," ya ce. "Amma ka sani tun yanzu, a gidan nan ba a share komai sai an tambaye ni."

A satin aka kwance talabijin mai faɗin ƙofa aka mayar wa mai ita, da godiya daidai gwargwado. Injiniya ya lallaɓa tsohuwar ta gidan, ya yi mata dabarar da za ta karɓi filash. Bayan wata biyu aka ɗaura aure, falon ya kasa ɗaukar mutane, Gwaggo ta yi ta kuka tana cewa hayaƙin kicin ne.

Lahadin farko bayan biki, ƙarfe huɗu saura, ango da amarya suka shigo. Baba ya nuna wa surukinsa wuri kusa da kujerarsa, ya ce ba don komai ba, don in abin ya tsaya a samu mai bugunsa. Auta ta bar wayarta a jaka. Ta zauna a ƙasa kusa da Yaya, ta ce har yanzu dai ba ta ga abin dariya a ƙattin maza biyu da hula ba. Mijinta ya raɗa mata cewa tsaki ɗaya ya ƙirga yau, an samu ci gaba.

Surukin direba ya sunkuya wajen taya, iska ta taso.

"Ku duba, ku duba," in ji Mama, kuma Auta ta faɗa tare da ita, "yanzu hular za ta faɗi."

Dariya biyu suka tashi tare, ba ka iya raba ta uwar da ta 'yar. Baba bai kalli hular ba. Ya ɗora hannu a kan kafaɗar surukinsa, ya ce Allah ya yi musu albarka, ya ba su zaman lafiya da zuriya mai yawa, ya cika musu falo da hayaniyar da ba za su taɓa son a share ba.

Gwaggo ta ce amin, sannan ta ce a mayar baya, surutunsu ya sa ba ta ji wurin ba.